Yadda zaka kula da numfashinka a jirgin sama, da abin yi in takunkumin oksijin ya faɗo

Duk mai shirin hawa jirgi, maniyyaci ne ko ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko ɗalibin da ya samu karatu a waje, akwai abu ɗaya da nake so ya fara sawa a ransa: ƙarancin oksijin a sama baya zuwa da shaƙewa. Yawancin mutane sun ɗauka in iska ta yi ƙaranci zaka ji an maƙure ka, ka hau haki kana kiran a kawo ɗauki. Ina, ba haka abin yake ba. Abin da ke sa ka ji ƙirjinka zai fashe in ka toshe hanci da baki shine taruwar gurɓatacciyar iskar nan da ya kamata ka fitar, kabon dayoksaid, ita jiki yafi sa wa ido. A sama kuwa kana fitar da ita lafiya lau, numfashi na shiga yana fita, don haka ba abin da zai tsikare ka, jininka ne kawai ke ta rasa oksijin kai baka sani ba, wani ma daɗi zai ji yana ta murmushi ba dalili har ya sulale. Shi yasa duk abin da zan faɗa a ƙasa ya ginu a kan doka ɗaya, ba a jira sai an ji wani abu, ƙa'ida ake bi tun jiki yana cewa lafiya ƙalau.

Me ke samun iskar in an yi sama

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, kashi 78 naitirojin, kuma wannan rabon baya canjawa ko kana Legas a bakin teku ko kana ƙafa 35,000 a sararin samaniya. Abin da ke raguwa shine nauyin iskar, wato ƙarfin da take dannowa da shi, kuma wannan ƙarfin ne ke tura oksijin ya ratsa huhu ya shiga jini. Kamar famfon unguwa ne ranar da ruwa ba ƙarfi, ruwan yana nan a bututu amma ba zai hau bene ba ko ka kwana kana murɗa kan famfon. A ƙafa 18,000 nauyin iska ya koma rabi, a ƙafa 34,000 kusan kwata ya rage. Su kuma jiragen fasinja tsakanin ƙafa 30,000 da 41,000 suke tafiya don a can mai yafi auki, sanyin waje kuwa yana kai digiri 50 ƙasa da sifili har ya wuce.

To ya aka yi muke zaune a ciki muna shan shayi? Hura jirgin ake yi. A yawancin jirage injin ne ke zuƙo iskar waje ya matse ta, a sanyaya ta a turo ciki, sannan akwai wani bawul ta bayan jirgin da ke sakinta kaɗan-kaɗan don nauyin ya tsaya inda ake so. Ba wani tankin oksijin aka ɗauko ana raba muku ba yadda wasu ke zato. Sai dai ba a hura shi ya kai daidai da na ƙasa, da an yi haka sai an ƙera jikin jirgin da kauri da nauyi mai yawa. Ƙa'ida ita ce kada cikin jirgi ya wuce yanayin ƙafa 8,000, wato wajen mita 2,400. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda duk Najeriya ba wanda ya kai shi tsawo, mita 2,419 ne. Kano kuwa bata kai mita 500 ba. Kaga kenan in ka tashi daga filin Malam Aminu Kano, kafin rabin awa jikinka yana iya zama a yanayin ƙolin wancan dutsen kana zaune a kujera. Sabbin jirage irin Boeing 787 da Airbus A350 sun fi sauƙi, a wajen ƙafa 6,000 suke riƙe cikinsu.

Mai lafiya wannan ba komai bane a wajensa. In ka maƙala ɗan na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin ɗin jini da aka saba gani lokacin korona, a ƙasa zata nuna 96 zuwa 99, a cikin jirgi zaka ga ta sauko 90 zuwa 93, sai ɗan kasala da barci da wani lokaci ciwon kai. Matsalar tana wajen wanda dama tun a ƙasa da kyar jikinsa ke isar kansa.

Kafin ranar tafiya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne muka fi sakaci, a yi ta hidimar biza da canjin kuɗi da ɗinkin kaya amma ba wanda ya tuna ya tambayi likita ko Baba zai iya awa huɗu zuwa biyar na Kano zuwa Jidda a irin wannan iskar.

Fara da gwaji mai sauƙi da likitocin harkar jirage ke amfani da shi: mutum zai iya tafiyar mita 50 a hankali, ko ya hau matakalar bene hawa ɗaya, ba tare da ya tsaya yana haki ba? In zai iya, galibi zai jure. In sai ya dafa bango ya huta, to a kai shi asibiti a gaya wa likita ƙarara cewa jirgi zai hau, da tsawon tafiyar. Akwai gwajin da ake yi a wasu manyan asibitoci inda ake ba mutum iska mai oksijin kashi 15 ya shaƙa ana auna shi, don ita ce tayi daidai da ta cikin jirgi. Ko ba a samu wannan ba likita zai auna oksijin ɗinsa a zaune, ya saurari ƙirji, ya duba yawan jini.

Masu sikila su na fi ji, don mu dai mun san yawan wannan ciwon a gidajenmu. Abubuwan da ke tayar da shi ai sune ƙarancin oksijin, sanyi da bushewar jiki, kuma duka ukun suna jiran mutum a cikin jirgi. Wanda ciwon ya tashi masa kwanan nan, shawarar da hukumomin jirage ke bayarwa ita ce ya jira kamar kwana 10 bayan ya lafa, kuma mai SS sau da yawa ana so ya yi tafiyar da ƙarin oksijin musamman in doguwa ce. A duba jininsa kafin tafiya, ya sha ruwa sosai tun kwana ɗaya kafin, ya ɗauki rigar sanyi da safa a jakar hannu, da maganin ciwonsa da takardar likita. Mai SC shima kar ya ce ai nawa mai sauƙi ne, saifa tana iya ba shi matsala a sama. Mai AS dai jirgin fasinja baya damunsa a al'ada.

Ƙarancin jini ko ba sikila shima abin dubawa ne, don jinin ne ke dakon oksijin ɗin, in 'yan dakon sun yi kaɗan ko iska ta wadata ba zata isa ba. Hukumar kula da jiragen sama ta Ingila tace in ma'aunin himoglobin, sinadarin da ke dakon oksijin a jini, ya yi ƙasa da 7.5 sai an yi bincike na musamman kafin a bar mutum ya hau. Wannan ya shafi wadda ta haihu kwanan nan ta zubar da jini, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar ya tsotse, da masu ciwon ƙoda.

Sai masu asma da ciwon huhu da ciwon zuciya. Abin shaƙa na asma a aljihu yake tafiya, ba a cikin babbar jakar da za a jefa ƙasan jirgi ba, haka maganin hawan jini da na suga. Mai tarin fuka da bai gama matakin da yake yaɗa cutar ba bai kamata ya hau ba sam, wannan kuma haƙƙin mutane ne. Wanda ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan likitansa ne zai yanke ranar.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika tunawa ba, duk iskar da ta maƙale a cikin jiki kumbura take yi in an hau sama, da wajen kashi 30 cikin 100. Don haka wanda aka yi wa tiyatar ciki ko ta ƙirji, ko wanda huhunsa ya taɓa hujewa iska ta taru a ƙirji, ko wanda aka yi wa aikin ido aka sa masa ƙwallon iska a ciki, duk waɗannan ba su hawa sai wanda ya yi aikin ya ce a hau. Na idon nan ba wasa bane, mutum yana iya rasa idon gaba ɗaya. Ruɓaɓɓen haƙori ma a je a gyara shi tun da wuri, in ba haka ba a sama zai tuna maka da kansa.

Mai ciki, yawancin kamfanoni suna bari har mako 36 in ɗa ɗaya ne, mako 32 in tagwaye ne, kuma daga mako 28 suna neman takardar asibiti. Jariri sabon haihuwa gara a bari ya yi mako guda, bakwaini kuwa sai likita ya duba.

In likita yace ana buƙatar oksijin a hanya, kar ka ɗauko silinda daga gida ka nufi filin jirgi, ba za su bar ka ka shiga da ita ba. Kamfanin jirgin zaka kira tun da wuri, aƙalla awa 48 kafin tashi, gara ma mako guda, su baka fom ɗin da ake kira MEDIF likita ya cike. Wasu kamfanonin suna bada tasu silindar da kuɗi, wasu suna yarda ka shigo da ƙaramar na'ura mai batir da ke tace oksijin daga iska in tana cikin waɗanda aka amince da su, kuma za su ce batirinta ya kai tsawon tafiyar da rabi, tafiyar awa 6 batirin awa 9 kenan. Wanda zai sa robar oksijin ta hanci ya bar ɗabi'ar nan tamu ta lokacin hunturu ta cusa basilin a hanci, maiƙo da oksijin ba sa shiri, wuta suke kamawa.

In ta Habasha zaka bi, ka sani filin jirgin Bole na Adis Ababa shi kansa sama da mita 2,300 yake, wato ka sauko daga jirgi amma iskar bata canja ba. Mutane da yawa suna mamakin yadda suke haki daga ɗan jan akwati a wurin. Ka yi tafiyarka a hankali, in da tsoho a nema masa keken turawa tun wajen yankan tikiti, kyauta ne.

In an tashi

Sha ruwa. Iskar cikin jirgi a bushe take ƙamas, laimarta bata cika kai kashi 20 ba. Kuma na san abin da ke hana dattawanmu sha, ba sa son alwala ta karye, ba sa son shiga wannan ɗan banɗakin da ba buta kuma yana wani irin ƙara in an danna. Sai Hajiya ta yi awa biyar ko kurɓa ɗaya bata yi ba, ta sauka da jiri da ciwon kai a ce gajiyar hanya ce. Wanda ke tare da ita ya raka ta sau ɗaya ya nuna mata yadda ƙofar ke kullewa da inda ake dannawa, ya cika mata ƙaramar robar ruwa ta shiga da ita, shikenan an wuce wurin. Mai sikila ko ciwon ƙoda ko suga da zai yi tafiyar Umara da azumi ya tuna matafiyi da mara lafiya an yi musu rangwame.

Kar a sha maganin barci ko wani abu mai sa maye don wai a rage tsoro, su tiramadol da kodin da giya duk suna rage ƙarfin numfashi, ga iskar dama ba ƙarfi. Mai shan sigari kuma ya sani zuƙar da yake yi a jere kafin ya shiga filin jirgi tana cika jininsa da hayaƙin da ke tare wa oksijin wuri. Lemo mai gas da wake da ƙwai a rage su ranar, cikin zai kumbura, na kusa da kai ma yana da haƙƙi.

Kana so ka ga abin da idonka, sha rabin robar ruwa lokacin da jirgi ke can sama ka rufe murfin da kyau ka ajiye. Kafin a taɓa ƙasa zaka ga ta lotse ta ƙanƙance. Abin da ke samun dodon kunnenka kenan, shi yasa ciwon kunne yafi yawa wajen sauka. Da ka ji an fara gangarowa ka riƙa haɗiyar yawu, ka yi hamma, ka tauna cingam ko ka tsotsi alawa, in ya ƙi buɗewa ka matse hanci ka rufe baki ka hura a hankali har ka ji ɗan ƙas a kunnen, a hankali fa ba da ƙarfin tsiya ba. Jariri a ba shi nono lokacin, yaro a tashe shi daga barci a ba shi abin sha. Mai mura mai tsanani shi yafi shan wuya, ya nemi maganin buɗe hanci kafin tafiya.

Duk awa ɗaya ko biyu a miƙe a ɗan taka, a zaune ma a riƙa juya ƙafa ana ɗaga dunduniya, don zama wuri ɗaya sama da awa 4 yana iya sa jini ya daskare a ƙwauri.

In ka taho da na'urar yatsa kar ka bari ta ruɗa ka. Yatsa mai sanyi, jan farce da baƙin lalle duk suna sa ta yi ƙarya, kuma a baƙar fata irin tamu wani lokaci tana nuna sama da gaskiya. Don haka mutumin zaka kalla ba lambar kaɗai ba: in ya fara magana ba kan gado, ko barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ko cikin leɓensa da harshensa sun yi duhu-duhu, ko ƙirji na ciwo, danna maɓallin kiran ma'aikata nan take, suna da ƙaramar silinda ta gaggawa kuma an koya musu aikin. Ba abin kunya bane.

In takunkumi ya faɗo

Ba kasafai yake faruwa ba, mutum zai iya ƙare rayuwarsa yana hawa jirgi bai gani ba. Amma ranar da ya faru lokacin da kake da shi ƙanƙani ne. A ƙafa 25,000 minti 3 zuwa 5 ne mutum ke da shi cikin hayyacinsa. A 30,000 minti 1 zuwa 2. A 35,000 sakan 30 zuwa 60. A 40,000 sakan 15 zuwa 20, kuma in iskar ta fice ne farat ɗaya, misali taga ta fashe, lokacin yana iya komawa rabi. Ba wai bayan wannan lokacin mutum ya mutu bane, a'a, hannunsa ne da tunaninsa za su daina yi masa aiki, yana kallon takunkumin na reto a gabansa amma ya kasa sanin me ake yi da shi. Tun 1875 aka ga haka, wasu Faransawa uku suka hau balan-balan mai suna Zenith suka kai wajen mita 8,000, da jakunkunan oksijin ɗinsu a gefe, amma ƙarfin ɗaga hannu su kai bututun baki ya gagara, biyu suka mutu, Gaston Tissandier kaɗai ya sauko da rai.

Takunkuman suna faɗowa da kansu in yanayin cikin jirgi ya kai wajen ƙafa 14,000. Ka kamo mafi kusa ka fizgo shi ƙasa da ɗan ƙarfi, wannan fizgar ce ke zare fil ɗin da ke kunna shi, in baka ja ba ba abin da zai fito. Ka ɗora shi ya rufe hanci da baki duka biyun, ka zura robar ta bayan kai ka ja bakinta ya kama. Hanci da baki nace. A watan Afrilun 2018 da injin wani jirgin Southwest ya tarwatse ya fasa taga a Amurka, hotunan da suka fito sun nuna fasinjoji da yawa sun ɗora nasu a baki kawai hanci a waje, wasu ma hannu ɗaya na riƙe da waya ana ɗaukar bidiyo. Allah ya taimake su matuƙiyar, Tammie Jo Shults, ta sauko da jirgin da wuri. Mai niƙabi ta ɗaga shi takunkumin ya zauna a fata, mai takunkumin mura ya cire nasa tukuna, mai gemu ya danna da hannu don iska na zurarewa ta gefe.

Naka zaka fara sawa kafin na yaro. Na san uwa zata ce haba, amma lissafin a fili yake, in kika tsaya kokawa da yaro yana kuka yana fizgewa sakan 30 ɗinki suka ƙare ku biyun kun tafi, in kuwa kin sa naki, ko ya ɗan suma da an sa masa zai farfaɗo.

Ledar da ke jikinsa ba lallai ta kumbura ba, oksijin na zuwa duk da haka, kar ka cire kace ya lalace. Zaka iya jin ƙauri da zafi daga saman kai, a yawancin jirage wani sinadari ne ke ƙonewa a cikin gwangwani yana fitar da oksijin, haka aikinsa yake. Hazo ma yana iya cika jirgin, da sanyi da ƙara. Sannan zaka ji jirgin ya sunkuya yana gangarowa da gudu, nan ne salati ke tashi, to ku yi salatinku amma ku sani ba faɗuwa yake ba, matuƙan ne ke sauri su kai ƙafa 10,000 inda ake numfashi ba taimako, don oksijin ɗin fasinja minti 12 zuwa 15 yake yi a yawancin jirage, kuma ya ishe su. In baka ji sun yi magana ba aiki ne ya sha musu kai, suma nasu takunkumin na fuskarsu. Ka ja bel ɗinka ka zauna, ba a cirewa sai an ce a cire.

Wanda zai raka tsoho ya yi masa wannan bayanin da Hausa tun kafin a tashi, don sanarwar galibi da Turanci ko Larabci ake yinta. Ba dogon zance, "Baba, in kuka ga wani abu mai ruwan ɗorawa ya sauko daga sama, ku ja shi ku ɗora a hanci da baki, ku ci gaba da numfashi yadda kuka saba, ina nan kusa da ku."

Ga masu koyon tuƙi da masu hawa ƙananan jirage

'Yan uwa da ke kwalejin koyon tuƙin jirage ta Zariya da irinta, ku abin yafi shafa don ƙananan jiragen horo ba a hura su. A dokar Amurka in ka wuce ƙafa 12,500 sama da minti 30 dole matuƙi ya sa oksijin, daga 14,000 ba cirewa, daga 15,000 sai an tanadar wa kowa a jirgin. Da dare kuwa ido yana fara raguwa tun daga wajen ƙafa 5,000. Kowa da irin alamarsa, wani yatsunsa ne za su yi tsam-tsam, wani zafi zai ji a fuska, wani ganinsa zai ƙuntata, wani kawai zai ga lissafin da yake yi a sakan biyu ya gagare shi, in ka samu damar shiga ɗakin gwajin da ake rage iska kar ka bari ta wuce ka, a can zaka san taka. Tsoro ma yana sa mutum ya yi ta numfashi da sauri har ya ji jiri iri ɗaya, in ka rasa gane wanne ne ka ɗauka ƙarancin oksijin ne, sa takunkumi, sauko ƙasa, bincike daga baya.

Jirgin Helios na ranar 14 ga Agusta 2005 shine darasin da ake koyarwa ko'ina. Boeing 737 ne ya tashi daga Larnaca ta Cyprus zuwa Athens, an bar maɓallin hura jirgi a kan na hannu bayan gyara, ƙaho ya yi ƙara suna hawa sai matuƙan suka ɗauka wani gargaɗin ne daban mai irin wannan sautin, suna ta magana da injiniya a ƙasa suna neman matsalar har hankalinsu ya gushe, jirgin ya ci gaba da tuƙa kansa a ƙafa 34,000 yana zagaye har mai ya ƙare ya faɗi kusa da Grammatiko a Girka, mutum 121 ba wanda ya fita. Haka jirgin ɗan wasan golf Payne Stewart a 1999, kusan awa huɗu yana tafiya ba mai motsi a ciki, sojojin da suka bi shi suka ga tagoginsa sun yi ƙanƙara.

Sai hayaƙin salansa, wannan gubar dai da ke kashe iyali in an kwana da janareta a ɗaki. Bata da wari, tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma na'urar yatsa bata ganinta, lafiya lau zata nuna maka. A ƙananan jirage ta hitar ɗumama ciki take shigowa in salansa ya tsage. Ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala da jirginsa ya faɗa teku a Janairun 2019 tsakanin Nantes da Cardiff, an samu kashi 58 na wannan gubar a jininsa. Na'urar gano ta ba tsada, a saya a maƙala. In ta nuna, kashe hita, buɗe duk kafar iska, sa oksijin in akwai, nemi filin sauka mafi kusa.

Yaran da ke mafarkin laɓewa a ramin tayar jirgi kuma a gaya musu wurin ba a hura shi, ba a ɗumama shi. Yaron da ya laɓe haka ya tsira daga birnin Benin zuwa Legas a 2013 gajeriyar tafiya ce ta cece shi, mafi yawan masu gwadawa gawarsu ake samu.

Bayan an sauka

Kasala da toshewar kunne na 'yan awanni ba komai. Amma in kunne ya wuce kwana biyu yana ciwo ko yana ruwa a je a duba. In ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na suka, ko da bayan mako biyu ne da tafiyar, asibiti kai tsaye, kuma abu na farko da zaka gaya wa likita shine ka yi doguwar tafiya a jirgi da ranar da ka yi ta. Mai sikila ya ci gaba da shan ruwa ya huta kafin ya shiga ɗawafi ko zirga-zirgar kasuwa, in ƙashi ya fara sara kar a tsaya shafa man zafi a masauki, a nemi asibitin tawaga tun ciwon bai yi nisa ba.